Jinin Aro

Karewa, Jimeta
7 ga Disamba, 2014

Adda Liyatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin isa Abuja lafiya, sabon wurin aikin kuma ya karɓe ki. Mu nan da sauƙi. Mama tana gaishe ki, ta ce in tuna miki kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka ko kin zama shugabar masu gwajin jini ta duniya, ba ki fi ƙarfin aike ba.

Adda, an ga Virtue! An ga matata da ranta.

Kin san ranar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi ina nan Jimeta, na zo bin takardar ƙarin girma, na bar ta ita kaɗai a gidajen malamai, amaryar wata biyu. Tun daga ranar babu labari. Ba sansanin 'yan gudun hijirar da ban shiga ba, har ɗakin ajiye gawa na leƙa. Sai shekaranjiya ga Hansai, matar Badamasi mai walda maƙwabcinmu, ta faɗo gidan da gudu ko takalmi babu, wai ta gan ta a tasha cikin waɗanda suka zagayo ta Kamaru.

Ƙafafunta sun kumbura sun farfashe, ta rame kamar ba ita ba. Ta ce wata tsohuwa Bafulatana ce ta ɓoye ta a rumbu, ta sa mata hijabi, daga baya ta haɗa ta da masu tafiya ta daji. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. In na ƙara tambaya sai ta juya fuska bango, ni ma na daina.

Nas ta duba ta, ta ce akwai ciki, ƙarami. Na yi murna har da hawaye. Da na faɗa wa Kawu Apollos, maimakon ya ce barka, sai ya ce, “Na wata nawa?” Raina ya ɓaci, amma babba ne, na ƙyale shi.

Kayanmu duk sun tafi a Mubi. Takardar gwajin sikilar nan da kika yi mana kafin fasto ya yarda ya ɗaura aure kuwa tana jakata, ni AA, ita AS. Ta wannan gefen dai hankalina a kwance yake, ba za mu haifi mai sikila ba. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Hosea

Karewa, Jimeta
24 ga Maris, 2024

Adda Liyatu,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya zafi? Nan Yola rana kamar za ta dafa mutum. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Kada ki yi mamakin wasiƙa a zamanin waya. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Maganar ba ta baki ba ce, gidan haya kuma kin san bangonsa, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce sannu. Shi ya sa na ba direban motar Abuja.

Kin san yaronmu Eli tun yana goyo ba ya rabuwa da ciwo. Yau ƙafa, gobe ciki, ido ya yi rawaya, a ce maleriya, a ce shawara, mu sayi magani a kemis. Farkon watan nan ya faɗi a makaranta, aka kai shi asibiti, aka ɗebi jini. Likita ya kira mu ya ce yaron sikila ne, SS.

Adda, ni malamin bayoloji ne. Kowace shekara sai na zana wa yara akwatuna huɗun nan a allo. AA da AS suna ba da AA, suna ba da AS, shi ke nan. Babu SS a ciki ko ta ina ka juya allon. S ɗaya daga uwa ya fito, na yarda. Ɗayan fa daga wa? Yaron nan a watan Yuli aka haife shi, ki ƙirga baya da kanki ki ga inda zai ajiye ki. Ga shi tun bayansa Allah bai ƙara ba mu ba.

A barandar asibitin na tambaye ta. Na ce, “Virtue, faɗa mini abin da ya faru a Mubi. Ba zan ga laifinki ba, na san ba da son ranki ba ne, amma ki faɗa mini.” Ta dube ni ta ce, “Naka ne.” Na ce lissafi bai ba da haka ba. Ta ce, “Naka ne, Hosea,” ta koma ɗakin. Ni kuma na fita, ban sake taka asibitin ba.

Yanzu an sallame su, suna unguwar Rumde wurin Hansai, tunda su Badamasi sun koma can. Ni na ce kada ta dawo mini gida sai ta buɗe baki. Kawu Apollos ya kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, yana ta cewa shi dama tun farko ya faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, shekara tara ina goya yaro a wuya ana yi mini dariya ta baya.

Ke kika yi gwajin nan da hannunki. Ki rubuto mini a fili cewa ba ki yi kuskure ba, in nuna wa dattawa, a yi ta ta ƙare.

Hosea

Abuja
2 ga Afrilu, 2024

Ƙanena Hosea,

Na amsa gaisuwarka. Lafiyata lau, sai gwiwa da take damuna. Wasiƙarka kuwa ta hana ni cin abinci, don haka ka yi haƙuri in ba ka ji daɗin tawa ba.

Kai, Hosea! Yaro yana kwance a gadon asibiti ka sa ƙafa ka fita? Ko ɗan maƙwabci ne ai ka tsaya ka riƙe masa ledar ruwa. Wallahi na ji kunya.

Ban yi kuskure ba, amma ba zan rubuta wa dattawanka komai ba, don gwajin da na yi muku bai faɗi abin da kake so ya faɗa ba. Ajiye allinka ka zauna a benci, yau ni ce malama.

Gwajin da na yi muku, wanda kuma aka yi wa Eli, na lantarki ne. Mukan ɗiga jini a kan wata siririyar takarda mai laima, mu kunna wuta, wutar ta ja jinin zuwa ɗaya gefen. A yana da sauri, shi ke gaba. S yana bayansa, C can baya. Sai mu rina takardar mu duba layuka da ido. Naka layi ɗaya na gani a wurin A, na rubuta AA. Ko yau aka ba ni, haka zan rubuta.

Amma wannan gwaji abin da jiki ya sarrafa kawai yake gani, ba ya ganin abin da jiki ya kasa sarrafawa. Ka ɗauka kowane mutum murhu biyu ya gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai mutanen da murhunsu ɗaya a mace yake tun haihuwa, ɗayan ne yake dafa A shi kaɗai, ya kuma ishe su, suna yawo lafiya. A takardarmu AA za su fito. Ana kiran wannan gado talasemiya. In irin wannan uba ya ba ɗansa mataccen murhun, uwa kuma ta ba shi S, to S kaɗai yaron zai dafa. A takarda SS zai fito, ciwon ma irin na SS zai yi. Wannan babu shi a akwatunanka huɗu.

Ba zan yaudare ka ba, abin ba shi da yawa a ƙasar nan. Amma na gani da idona, ba sau ɗaya ba. A inda nake aiki muna da na'ura, HPLC ake ce mata, ita ba layi take nunawa ba, auna kowane nau'i take yi ta faɗi kashi nawa ne cikin ɗari. Akwai wani ɗan ƙaramin nau'i, A2, kowa yana da shi, ba ya wuce uku da rabi. Mai mataccen murhu nasa yakan haura. Ido ba ya iya rantsuwa a kan wannan, na'urar tana iyawa.

Ga abin da za ka yi. Ka je a ɗebi jininka a kwalba mai murfi shunayya, a sa a kula da ƙanƙara, ka ba direban nan, kwana ɗaya ya iso. Eli ma a sake masa gwaji, don akan yi musayar kwalba a wurin da mutane suka yi yawa. Amma kafin nan ka faɗa mini, an ƙara masa jini a asibitin? Ina son amsar wannan.

Ka je Rumde ka duba su. Ka gaishe mini da Virtue, in za ta amsa. Na kira ta ba ta ɗauka ba, na san tana ganin takardata ce ta fitar da ita daga ɗakinta.

Addarka,
Liyatu

Karewa, Jimeta
14 ga Afrilu, 2024

Adda Liyatu,

Yabo ga Ubangiji! Ina gaishe ki da bakin da ya kasa rufuwa don murna. Ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kowa lafiya, ki lura na ce kowa.

Kin yi gaskiya, kwalba aka musanya! Ina karanta wurin da kika ce a sake gwaji ban ko ƙarasa ba na hau keke napep sai Rumde. Hansai ta tare ƙofa ta wanke ni tas, na sunkuyar da kai na sha. Na ɗauki Eli muka tafi wani ɗakin gwaji daban a cikin Jimeta. Na tsaya a kansu, na ga an rubuta sunansa a kwalbar, na roƙi yarinyar ta nuna mini takardar da idona. Layi biyu, Adda! Ɗaya a A, ɗaya a S, ɓaro-ɓaro. AS ne yaron, irin uwarsa. Nan na zauna a ƙasa, mutane suna kallona.

Na durƙusa wa Virtue a tsakar gidan Hansai. Ta ɗaure kayanta ta biyo ni. Yau a majami'a na miƙe gaban jama'a na ɗaga takardar, na ce shaiɗan ya so rushe gidana ta hannun masu gwaji, Allah bai ba shi dama ba. Zumuntar mata suka ɗauki waƙa. Kawu Apollos sai kallon silin yake yi.

Ki ga Eli yanzu! Idonsa fari, leɓensa ja, yana cin tuwo kamar mai noma. Dama tunda Badamasi ya ba shi leda guda ta jininsa a asibiti ya fara murmurewa, Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ni da ya kamata in bayar ina can ina fushi. Ƙwayoyin da suka ɗora masa na kullum, na ƙarin jini da na rigakafin maleriya, da katin zuwa asibitin 'yan sikila, duk na tattara na zubar. Yaro lafiyayye ba zai girma yana ganin kansa majinyaci ba. Na saya masa ƙwallo.

Maganar aiko jinina kuma ai ta wuce, ba sai na wahalar da direba ba. Murhuna biyu duk suna ci, Malama!

Ƙanenki mai godiya,
Hosea

Abuja
19 ga Afrilu, 2024

Hosea,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini gajartarta. Na kira ka jiya, ina fara magana ka ce kana aji, ka kashe. To karanta, wannan karon har ƙarshe.

Na tambaye ka ko an ƙara masa jini, ka tsallake tambayar. Yanzu ka amsa ta da kanka ba ka sani ba. Hosea, layin A ɗin da ka gani na Badamasi ne. Ba na Eli ba ne.

Jinin da aka ƙara wa mutum yakan yi kusan wata uku yana yawo a jikinsa kafin ya ƙare. Duk gwajin da aka yi a wannan tsakanin, jinin mutum biyu ake gwadawa a kwalba ɗaya. Na'urata ma haka za ta gani. Shi ya sa ba ma gwada wanda aka ƙara wa jini sai an jira, kuma ya kamata yarinyar ta tambaye ka. Gwajin farko, wanda aka ɗiba kafin ƙarin jinin, shi ne na gaskiya. Jan leɓen da kake murna da shi ma aro ne, zai koma.

Na daɗe da biro a hannu kafin in rubuta wannan. Na san takardar nan ce ta mayar da Virtue ɗakinta, na san abin da ka faɗa a majami'a. Da maganar aurenku ce kaɗai, wallahi da na yi shiru na bar ku da farin cikinku. Amma ka zubar da magungunansa, ga damina tana tafe. Maleriyar da za ta kwantar da ɗan maƙwabcinka kwana biyu, shi tana iya kashe shi.

Ka koma ka karɓo magungunan yau. Gidan sauro kullum, ruwan sha da yawa, kada ruwan sama ya doke shi, zazzaɓi ko kaɗan ne a tafi asibiti. Ka zaunar da Virtue ka karanta mata wannan. Sannan ka aiko jininka. Komawar Eli SS ba ta mayar da shi ɗan wani ba, na riga na yi maka bayani. Don girman Allah kada ka sake korarsu, kada kuma ka rufe ido.

Liyatu

Karewa
27 ga Afrilu, 2024

Adda,

Na ga saƙonki. Muna lafiya, kuma lafiyar ce ba kya so ki ji.

Da kin ce a sake gwaji, an sake. Yanzu ya fito da kyau kin ce ba shi ba. Wanne zan kama? Na ga layi biyu da idona, ke kina Abuja ba ki ga komai ba. So kike in koma gaban ikkilisiya in ce ku dawo da waƙarku, na yi kuskure? In ba Kawu Apollos abin faɗa har ya mutu?

Kuma bari in faɗa miki abin da ke raina. Kin ce da bakinki talasemiyar nan ba ta da yawa. In na aiko jinin, na'urarki ta ce murhuna lafiya lau, sai in yi yaya? Yanzu ina da mata, ina da ɗa, ina barci. Ki bar ni haka.

Na ce wa Virtue kada ta ɗauki wayarki, kuma ba zan karanta mata komai ba. Matar nan ta sha wahala ta ishe ta. Jiya na ji tana waƙa a kicin, rabon da in ji haka tun kafin Mubi.

Hosea

Abuja
30 ga Yuni, 2024

Hosea,

Gaisuwa. Wata biyu ke nan ba ka ɗaukar wayata. Na aika wa Hansai saƙo ta bakin direba, ya ce ta je gidan, ka ce mata maganar dangi ce, ta cire bakinta.

Ba faɗa na zo yi ba. Jinin Badamasi ya kusa ƙarewa a jikin yaron, in ma bai ƙare ba. Ka buɗe idonsa ka duba farin, ka duba tafin hannunsa. In ba za ka amsa mini ba, kada ka amsa, amma ka ba shi maganin. Na sa wasu a cikin ambulan ɗin nan.

Liyatu

Jimeta
11 ga Agusta, 2024

Adda Liyatu,

Ina gaishe ki. Ba mu lafiya.

A bencin asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun. Ranar Asabar ta makon jiya Eli ya buga ƙwallo cikin ruwan sama da yaran layinmu. Ina tsaye a baranda ina kallo, har da tafa masa. Washegari zazzaɓi ya kama shi, na ce maleriya ce irin ta kowa, na sayo magani a kemis. Ranar Laraba da safe Virtue ta miƙa masa kofin koko, ya miƙo hannun dama, kofin ya faɗi. Ta ce ya daina wasa. Ya buɗe baki zai amsa, bakin ya karkace gefe.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wai tana kama yara masu sikila. Ni ban taɓa sanin yaro yana shanyewa ba. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Yana gane mu, yana bin mu da ido, amma maganar ba ta fita, sai sauti. An ɗebi jini kafin a ƙara masa wani. Layi ɗaya ne, a wurin S.

Likitan ya tambayi dalilin da ya sa aka daina kawo shi, aka daina ba shi magani. Virtue ta ce ai an sake gwaji an ce AS ne. Ya ce yaushe aka yi, ta faɗa, ya dafe kai ya yi mata bayanin jinin aro. Sai ta juyo ta ce, “Abin da Adda take ta kira ta faɗa ke nan?” Na ce e. Tun daga lokacin ba ta sake yi mini magana ba.

Ban kore su ba, ban kuma bar asibitin ba. Ga kula nan wurin direba, kwalbar tana ciki, mai murfi shunayya kamar yadda kika ce. Ki gwada. Duk abin da ya fito ki rubuto shi yadda yake.

Hosea

Abuja
14 ga Agusta, 2024

Ƙanena,

Sannu. Sannu, Hosea. Allah ya dubi yaron nan, ya ba Virtue ƙarfin zuciya. Na yi kuka a ɗakin gwaji gaban yaran da nake koya wa aiki, ban damu ba.

Kwalbar ta iso da sanyinta. Na sa a na'ura da kaina, na maimaita, sannan na ba wani abokin aikina ya yi ba tare da ya san jinin wane ne ba. A2 ɗinka biyar da rabi ne. Ƙwayoyin jininka kuma ƙanana ne, sun gaza na mutum mai murhu biyu. Kana ɗauke da talasemiya, da ita aka haife ka. Mai irin jininka da mai irin jinin Virtue suna haifar yaro mai irin jinin Eli, cikin kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu.

Ka fahimce ni da kyau, don na san halinka da takarda. Wannan na'ura ba ta faɗin wane ne uban wane. Abin da ta ce kawai, hujjar da ka tsaya a kanta ka kori matarka babu ita, ba a taɓa yin ta ba. Wadda ta san uban Eli ta riga ta faɗa maka tun a barandar asibiti.

Ka nuna wa likitansa sakamakon. Ka tambaye shi maganar ƙarin jini a kai a kai don kada shanyewar ta dawo, da masu motsa gaɓoɓi. Yara sukan farfaɗo fiye da manya, wasu maganar ma takan dawo, amma ba zan yi maka alkawari ba. Zan nemi hutu in zo ƙarshen wata.

Addarka,
Liyatu

Karewa, Jimeta
1 ga Satumba, 2024

Adda Liyatu,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ji ba a ba ki hutun ba, ba komai. Eli yana iya zama in an jingina shi da filo, ƙafar ta fara ɗan motsi. Hannun da bakin dai shiru.

Zan faɗa miki abin kunya. Da na karanta cewa ina ɗauke da cuta, murna na yi. A tasha na buɗe, na karanta biyar da rabin nan, na rungume direba. Sai da na hau hanya na tuna cewa abin da nake wa murna shi ne rabin abin da ya kwantar da yaron.

An sallame su, amma ba Karewa suka dawo ba, Rumde ta ce a kai su. Can na same ta a ɗakin Hansai, ta zaunar da Eli a cinyarta tana ba shi kunu da cokali. Rabi yana shiga, rabi yana zubowa ta gefen da ya mutu, tana sharewa da bakin zaninta. Na tsuguna a ƙofa na karanta mata wasiƙarki tun daga sama har ƙasa. Na yi mata bayanin murhu, na yi mata na A2. Na ce ranar Lahadi zan tsaya gaban ikkilisiya in faɗi komai, in sa Kawu Apollos ya zo har nan ya ba ta haƙuri. Na ce, “Virtue, nawa ne. Yanzu na tabbata.”

Ba ta katse ni ba. Ta kai cokali bakinsa, ta jira ya haɗiye, ta share. Sannan ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Da ya fito AA fa?”

Na ce ai bai fito ba.

Ta ce, “Na ji. Da ya fito fa, Hosea? Yaron nan da ke cinyata, da yau ɗan wa ne?”

Adda, na buɗe baki. Eli yana kallona da idon nan nasa, yana jira kamar yadda take jira. Ni da nake da amsar kowace tambaya a aji, na nemi abin faɗa na rasa, don duk amsar da ta zo bakina na san ƙarya ce, ita ma za ta sani. Ta ba ni lokaci mai tsawo. Da ta ga babu, sai ta ɗebo wani cokalin.

Jiya yayanta ya zo da mota daga garinsu Numan ya kwashe su zuwa can. Ni na ɗauko Eli na sa shi a kujerar baya, ba ta hana ni ba. Ta ce in na zo ganinsa ba za a rufe mini ƙofa ba, amma kada in zo mata da takarda.

Ki rubuto mini sunan duk maganin da ya kamata ya riƙa sha, da yadda ake motsa hannun da ya shanye, dalla-dalla yadda zan iya. Ranar Asabar zan je.

Ƙanenki,
Hosea